Sharhi kan asibitin dashen ƙwai da muka je a Abuja: sai bayan asara aka ambaci ajiyar maniyyi

Ba ni da ja a kan ƙwarewar likitocin wannan asibiti mai zaman kansa da ke yin dashen ƙwai (wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa), kuma wanda ya tura mu can daga Kano bai yi mana ƙarya ba game da tsafta da kayan aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana guda da ya kamata a faɗa mana tun ranar farko, amma ba a faɗa ba sai da kuɗinmu da wahalar maiɗakina suka tafi.

Gwajin maniyyin da aka yi mini da farko ya fito da kyau, har likita ya ce adadin ya haura miliyan 16 a kowace mililita, wanda shi ne ƙaramin mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2021. Daga nan hankalin kowa ya koma kan maiɗakina, wadda ta shiga allurar ciki kullum da hoton mahaifa. A tsakanin gwajin nan da ranar cire ƙwai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, mai zafi ƙwarai, kuma na ambata wa ma'aikaciyar jinya, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da rubutunta. Ranar da aka cire ƙwai aka miƙo mini ɗan kofin roba, na ba da abin da aka nema, sai ga sakamako ya faɗi warwas: ƙwayoyin sun ragu, masu motsi kaɗan ne. Abin da aka samu aka haɗa, aka dasa, bai kama ba.

A zaman da muka yi bayan haka ne likitan ya bayyana mana cewa zazzaɓi mai zafi yana lalata maniyyi, kuma jiki yana buƙatar kusan wata uku kafin ya ƙera sabo, sannan ya ƙara da cewa, "Alhaji, ai da an daskarar da na farkon nan, da shi za mu yi aiki." Wa zai daskarar, in ba ku ba? Tukunyar ajiyar tana cikin ginin nan nasu, kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin dashen, amma ba wanda ya ga dacewar ya ambata wa mutumin da ke zaune a ƙasar da sauro ya yi wa katutu.

Duk da haka mun koma, domin maiɗakina ta ce ba ta da ƙarfin fara bayani daga tushe a wani wuri, kuma a nan ne ra'ayina ya ɗan sauya. Jami'in ɗakin gwaje-gwajen mutum ne mai haƙuri. Bayan an gwada jinina don cutar HIV da ciwon hanta nau'in B da C, ya umarce ni da ƙauracewa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin kowane zuwa, ya nuna mini siraran bututun da ake raba maniyyin a ciki, kowanne da sunana da lambata, ya sa na karanta da idona kafin a tsoma su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Bai ɓoye mini cewa wani kaso mai yawa na ƙwayoyin ba ya farfaɗowa bayan an narkar ba, amma ya ce tun da ana iya cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwai, dabarar da aka fara cin nasararta a Beljiyam a 1992, abin da ya tsira yakan wadatar. Wannan tantance suna ya kwantar mini da hankali matuƙa, domin sharaɗin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta gindaya a zamanta na Amman a 1986 shi ne ya kasance maniyyin miji da ƙwan matarsa, ba tare da na wani ya shiga tsakani ba.

Sai dai da na tuna yadda aka sanar da mu rashin nasarar nan, raina yakan sake ɓaci. Saƙon waya aka turo wa maiɗakina, layi biyu da Turanci, tana ita kaɗai a gida, kuma babu wanda ya kira daga baya ya ji yadda ta kwana. Surukata ce da ƙanwarta suka riƙe ta a makonnin nan, alhali asibitin ya rubuta mai ba da shawara a cikin jerin abubuwan da muka biya. Haka takardar yarjejeniyar ajiyar: sakin layin da ya shafi abin da za a yi da maniyyin idan miji ya rasu ko aure ya mutu, an so in sa hannu a tsaye a gaban kantar asibitin, sai da na dage aka rubuta cewa a zubar da shi. Kuɗin sabunta ajiyar ma an ƙara shi ba tare da sanarwa ba, kuma da na nemi a ba ni sharuɗɗan mayar da bututun zuwa wani asibiti a rubuce, akawun ya ce in jira manaja ya dawo daga tafiya.