Kafin ka huda kwanon gidanka: wace hanyar fitar da zafi ta fi dacewa?

Duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano da tsakar rana ya san inda zafin gida yake taruwa. Rufi mai duhun launi yana iya kai maki 65 a ma'aunin Salshiyos ko ya wuce, iskar da ta maƙale a ƙarƙashinsa ta gasa silin, shi kuma ya yi ta sako wa mutanen ɗaki zafin har bayan faɗuwar rana. Kayan fitar da wannan iska sun cika kasuwa, kowane mai sayarwa na rantsuwa nasa ne magani. Gaskiyar ita ce ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma mai saye yakan fara da wanda ya fi ɗaukar ido maimakon wanda gidansa ke buƙata.

Iska ba ta fita sai wata ta shigo. Mai zafi sama take nema, za ta kuma fice idan ta sami kafa a ƙololuwar rufi, muddin akwai wata kafar a ƙasa, ƙarƙashin bakin kwano, da iskar waje za ta bi ta maye gurbinta. A nan ake yawan tafka asara: a sayi mafita mai tsada, a bar bakin rufi a toshe ruf. Dokar gini da ake bi a yawancin Amurka ta nemi murabba'in mita 1 na buɗaɗɗiyar kafa ga kowane murabba'in mita 150 na silin, ana kuma yarda a rage zuwa 1 ga 300 idan an raba kafofin kusan rabi sama, rabi ƙasa. Damshi aka fi yi wa wannan ƙa'ida tanadi, don haka a wuri mai zafi lissafin 150 ya fi kamata ka riƙe.

Ɗauki fankar rufi mai zagayayyen kai, wadda iska ke juyawa. Ita ce aka fi sani, ba ta cin wuta, ana iya ɗora ta kan tsohon kwano cikin wuni guda. Amma yi lissafi tukuna. Wadda aka fi sayarwa wuyanta santimita 30 ne, wato faɗin kafarta bai wuce kashi 7 cikin 100 na murabba'in mita ba. Gida mai silin murabba'in mita 150 yana buƙatar rabin murabba'in mita a sama, kusan fanka 7 ke nan. Wanda ya kafa guda ɗaya ya koma ɗaki yana jiran sanyi, ado kawai ya yi wa rufinsa. Iska tana ƙara mata ja, ba shakka, sai dai ranar da zafi ya fi tsanani galibi ganye ma ba ya motsi, a lokacin kuwa rami ce mai hula, ba ta fi haka ba.

Idan ita za ka saya, boris ɗinta ne abin dubawa. Tura ta da yatsa ɗaya: mai kyau za ta yi ta juyawa shiru na ɗan lokaci, maras kyau za ta yi gurnani ko ta tsaya nan take. Nemi mai rufaffen boris, don ƙura ce ke kashe su, kuma wadda ta fara kuka da dare ba ta barin kowa barci. Kusa da teku alminiyum ya fi ƙarfe, saboda tsatsa. Ka kuma tsaya a kan mai aikin ya cusa farantin gindinta ƙarƙashin kwanon da ke sama da ita, kada ya ɗora shi a kai ya shafe da gam. Yawancin yoyon da ake ɗora wa fankar laifinsa daga nan yake.

Ga mai sabon gini ko mai sauya kwano, ni kafar ƙololuwa zan zaɓa. Ana barin tsaga a tsawon doron rufin, a rufe ta da hula mai ɗan tsayi. Ba abin da ke juyawa, ba abin da zai lalace, kuma zafin yana fita daga wuri mafi tsayi, daga wannan ƙarshen gida zuwa wancan. Sharaɗinta biyu: shinge a gefe da zai hana ruwan sama mai tafe da iska kutsawa, da raga saboda jemage da tsuntsaye. Raga tana cin wani kaso na faɗin kafa, musamman mai ƙananan idanu, saboda haka ka tambayi ainihin faɗin da iska ke bi, ba girman abin daga waje ba.

Tagogin da ake sawa a bangon ƙarshen rufi su ne mafi sauƙi, ba sa buƙatar huda kwano. Suna aiki sosai idan iska na busowa ta wannan fuska. A dogon gida tsakiyar rufin takan zauna da zafinta.

Fanka mai lantarki ko mai sola ta fi duk waɗannan jan iska, mai solar kuma tana da hikimar ƙara gudu daidai lokacin da rana ta fi zafi. Ƙarfin nata ne kuma haɗarinta. Idan kafofin ƙasa ba su ishe ta ba, za ta zuƙo iska ta ramin fitilu da tsagar silin, ta kwashe sanyin da na'urar sanyaya ɗaki ta sha wuta ta samar, ta watsar a waje. Kada kuma a kafa ta dab da kafar ƙololuwa, don daga nan za ta riƙa jan iska, sauran rufin ko oho.

Akwai babbar fanka da ake sawa a jikin silin, wadda ke zuƙe iskar ɗakuna ta tura ta sama. Wannan mutane take sanyayawa kai tsaye, amma sai inda dare ke yin sanyi. Da yamma, idan waje ya fi ciki sanyi, a buɗe tagogi a kunna ta. Inda dare ke da zafi da damshi ba ta da wani amfani. Tana buƙatar manyan kafofi a rufi, tana da ƙara, kuma kunna ta da tagogi a rufe yana iya jawo hayaƙin na'urar gas cikin gida.

Abin da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa ba shi ne, babban kason zafin kwano ba ta iska yake isa silin ba. Hucinsa ne ke dukan silin kai tsaye, kamar yadda garwashi ke dukan fuska ko da ana fifita. Komai yawan iskar da ta ratsa, wannan hucin yana nan. Rufi mai haske yana iya kasa mai duhu zafi da maki 28 ko fiye a rana ɗaya. Takardar alminiyum mai sheƙi da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano tana tare mafi yawan hucin, amma sai an bar mata sarari na kamar santimita 2 da rabi a fuskarta mai sheƙi, kuma gara fuskar ta kalli ƙasa, don ƙura na disashe ta. Audugar gilashi ko soson tare zafi a kan silin shi ke hana abin da ya rage shiga ɗaki. Idan kuɗin abu ɗaya ke hannu, a kan waɗannan zan kashe shi kafin fanka.

Gidan da ba shi da silin shi ya fi saurin jin bambancin kafar sama, domin iskar da ke fita ita ce wadda mutane ke zaune a ciki. Mai rufin kankare kuwa ba shi da sararin da za a fitar wa iska. Nasa farin fenti ne mai mayar da hasken rana, ko rumfar kwano a saman kankaren da aka bar gefenta a buɗe.