Umarnin sudo ko umarnin su, wanne za ka sa a Ansible, manhajar sarrafa sabobi daga nesa?

Jiya a Sabon Gari nan Damagaram wani ƙanena ya kusa haukacewa, ya sa become_method: su a kan sabar Ubuntu, wato ya ce wa Ansible ya bi ta umarnin su ya zama root, babban asusun da ke da iko da komai, abu ya ƙi tashi. To ina zai tashi, Ubuntu ai root a kulle yake zuwa, shi kuwa umarnin su kalmar sirrin root yake nema, kenan ko ka buɗe root ɗin sai kowa a ofis ya san ta, ranar da aka yi ɓarna ba ka san hannun wa ba. Sudo kalmar sirrinka yake tambaya, ka ƙara -K a umarnin Ansible don ya nemi ka shigar da ita shikenan, kuma duk umarnin da ka gudanar da sudo yana shiga auth.log, fayil ɗin da sabar ke ajiye rajista, da sunanka. Ni sudo nake bi wallahi. Sai dai kar ka ce za ka taƙaita wa Ansible umarni a sudoers, fayil ɗin ƙa'idojin sudo, Ansible fayilolin wucin gadi yake gudanarwa, zai maƙale.