Formic Pro a zafin Damagaram: maganin kaskar zuma mai son sanyi

Formic Pro magani ne da kamfanin NOD Apiary Products na ƙasar Kanada ke yi don kashe barowa, kaskar nan ja mai faɗi da ke maƙale wa ƙudan zuma tana hayayyafa cikin ramukan ƴaƴansu. Kowane ƙunshi na ɗauke da falle biyu na wani abu mai danƙo, an naɗe shi da takarda, kashi 42.25 cikin ɗari nasa asid fomik ne. Idan aka shimfiɗa shi cikin akwati sai ya riƙa fitar da tururi, tururin ne ke aikin.

Ta fuskar kisa, maganin ya cancanci yabo. Tururinsa na ratsa murfin kakin da ƙudan ke rufe tsutsarsu da shi, ya iske kaskar a inda take ƙwai, abin da asid ogzalik, wani maganin kaskar, ba ya yi. Ba ya taruwa cikin kaki, kuma ana iya sa shi ko da akwatin tara zuma na bisa. Matsalar tana wajen zafi, kuma mai kiwon zuma a Mirya, Matamaye ko Magarya ya san da ita kafin ya fitar da kuɗinsa.

Takardar kamfanin ta ce zafin rana ya kasance tsakanin digiri 10 da 29.5 ranar da za a sa shi, kuma in ya haura 33 cikin kwana ukun farko ana iya asarar tsutsa mai yawa har da sarauniya. Dalili shi ne zafi na sa asid ɗin ya tashi da sauri, abin da ya kamata ya fita a hankali ya cika akwatin lokaci guda. A nan kuwa Afrilu da Mayu na kai wa 40 har su wuce, damina ma yawancin ranakunta sun fi ƙarfin ƙa'idar. Abin da ya rage shi ne tsakiyar hunturu, ƙarshen Disamba zuwa Janairu, shi ma zafin azahar na yawo ne a bakin 30. Ga kuma halin ƙudanmu: ba su da haƙurin na Turai, wari mai ƙarfi ya dame su sai su tashi gaba ɗaya su bar akwati wayam.

Kafin duk wannan, a ƙirga kaskar tukuna. A daka sukari ya yi laushi kamar gari. A kakkaɓe ƙuda daga saƙar da ke da ƴaƴa, a tabbata sarauniya ba ta ciki, a ɗebi cikin awon mililita 120, wato ƙuda wajen 300, a zuba a kwalba mai murfin raga wadda idonta ya kai milimita 3. A zuba sukarin cokali biyu, a jujjuya minti ɗaya, a ajiye a inuwa minti biyu, sannan a kife a girgiza bisa farin faranti mai ɗan ruwa. Sukarin zai narke, kaskar ta fito fili. A duba da kyau: barowa ƙafa takwas gare ta, faɗinta ya fi tsawonta, ƙwarƙwatar zuma, wadda ke kama da ita, ƙafa shida ce kuma ɓarnarta kaɗan ce. In an samu 9 ko fiye, wato 3 cikin ɗari, to akwai dalilin magani. Ƙasa da haka a bar su. Barowa ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, aka gano ta a Kenya a 2009, kuma a ƙasashen biyu ƙudan gida sun jure mata ba tare da magani ba, don suna tsaftace jikinsu suna fitar da tsutsar da ta kamu.

Wanda ƙirgarsa ta kai, ga yadda ake yi. Dole akwatin ya zama irin Langstroth, wato akwatin zamani mai katakon saƙa da ake ɗora wani bisa wani, ƙuda sun cika aƙalla katakon saƙa shida. Ƙaramin gida ba ya iya kaɗa fiffike ya rage tururin. A buɗe ƙofar akwatin iyakar faɗinta, tsayinta kada ya gaza santimita 1.3. A sa safar hannu ta roba mai jure asid, ba ta fata ba, a kare ido da tabarau, a ajiye bokitin ruwa kusa, a tsaya iska na bugun baya kafin a yanka ledar. Takardar da ke jikin fallen ba a ɓare ta, ita ke daidaita fitar tururin, kuma ɓare ta kuskure ne mai kashe gida.

Hanya biyu kamfanin ya bayar: falle biyu tare na kwana 14, ko falle ɗaya kwana 10 a musanya da na biyu wasu kwana 10. A Damagaram ta biyun muke ba da shawara, don bugun farko ya fi sauƙi. A kwantar da fallen a tsakiya bisa katakan ɗakin ƴaƴa, a ɗora wani akwati a sama don ƙuda su sami wurin ja da baya. A yi da yamma liƙis, akwatin na ƙarƙashin inuwa, ruwan sha na kusa. Ba a ba su ruwan sukari cikin akwati, ba a kuma buɗewa sai wa'adi ya cika.

Kwanakin farko za a ga ƙuda sun yi cincirindo a ƙofa, da ƴan gawawwaki a ƙasa, sarauniya ma na iya tsayar da ƙwai na ɗan lokaci. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Bayan wata ɗaya a duba ko akwai sabon ƙwai, a sake gwajin sukari.

Amyar gargajiya da ke rataye a gawo ko tsamiya ba ta da wurin wannan magani ko kaɗan. Akwatin Kenya, wanda ƙuda ke saƙa a jikin sandunan samansa, ma bai dace ba, don sandunansa a manne suke, tururi ba zai sauka wajen ƴaƴa ba. Ba kuma maganin tsutsar da ke cin kaki ba ne, ko tururuwa. Wanda ya sa aka kawo masa daga waje ya duba ranar ƙarewa, wata 24 ne iyakarsa, ya ƙi karɓar ledar da ta huje ko take wari, ya ajiye shi a ɗaki mai sanyi nesa da yara da kayan ƙarfe, don tururinsa na cin ƙarfe.