Sharhi: Manhajar Koyon Tiyata a Waya, Abin da Ta Koya Mini da Inda Ta Tsaya

Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, na sauke wata manhajar koyon tiyata a wayata. Ina karatun likita a nan Jos, zaman gida kuma ya ishe ni.

Tsarinta ba wuya. Za ka zaɓi aiki, a shimfiɗa maka majiyyaci na kwamfuta, ta bi da kai mataki-mataki, daga baya ta gwada ka: wane ƙarfe za ka ɗauka yanzu, ina za ka sa shi? In ka kuskure ta zaftare maka maki.

Aikin afendis na fi maimaitawa, ya fi sau talatin. Tun a littafi na haddace wurin da McBurney, likitan nan na Amurka, ya bayyana a 1889: ka ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku, a nan ake yankan. Amma abin da ke ƙarƙashin fata sai a manhajar ya zauna mini. Kitse tukuna, sai farin mayafin tsoka, sai tsokoki biyu da ake buɗawa ta bin zarensu ba tare da an datse ba, kana tantanin ciki, wanda ake ɗagawa kafin a yanka don kada a taɓa hanji.

Da muka koma asibiti na ga amfanin wannan. Mu goma sha wani abu ne a bayan likita a ɗakin tiyata, kafaɗu kawai ake hangowa. Ya ɗago ya ce, "Kai, ina muke yanzu?" Na faɗa masa, don na san abin da ke biyo baya ko ban gani ba. Wallahi ranar na ji daɗi.

To amma ranar da aka miƙo mini allura in ɗinke fata, hannuna rawa ya yi ta yi. Gilashin waya ba ya gaya wa yatsa taurin fata, ko inda zare zai tsinke in an ja. Ƙulli sai da na koye shi a fatar kaza da ɓawon ayabar da nake sayowa a kasuwar Taminus. Kuma cikin da na saba gani a waya fes yake, alhali namu majiyyatan sukan zo a makare, taifot ta huda hanji, ciki cike da mugunya.

Manhajar tana cin data, don haka da dare nake sauke darussa. Ƙannena da za su shiga zagayen tiyata, ku bi aikin gobe sau biyu a daren yau, kuma ku nemi zare da allura ku ajiye kusa da wayar.