Daga Ingila: idan kansar tumbi ta kai tantanin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Gombe da Bauchi. Ana yawan tambayar mu ma'aikatan lafiya da ke Ingila ko a sayar da gona a kawo majinyacin da kansar tumbi ta hau masa kai. Ga yadda abin yake a nan.

Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da tantani, ruwa na zagayawa a tsakaninsa. Wani lokaci ƙwayoyin kansar kan faɗa cikin wannan ruwa, su manne a tantanin, su toshe hanyar da yake tsiyayewa. A masu kansar tumbi ba ya kai mutum 1 cikin 100, amma idan ya zo da sauri yake tafiya: ciwon kai mai tsanani, amai, gani biyu-biyu, kurumcewa, ruɗewa, jijjiga, wani ƙafafu su mutu ko fitsari ya riƙe. A yankinmu, musamman lokacin zafi, duk wanda ya ga haka sankarau zai ce. Ko sakamakon ruwan laka yana iya ruɗar likita, domin sukari ya kan yi ƙasa, furotin ya hau, daidai da tarin fukan da ya shiga ƙwaƙwalwa. Don haka ku gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa an taɓa samun kansa a cikin mutumin, ku miƙa masa takardun.

A nan da hoton MRI ake farawa, na kai da dukan gadon baya, tare da allurar gadoliniyom mai haska tantanin. Hoton ne a gaba, tsirar baya da allura don ɗibar ruwan laka daga bisani, saboda tsirar kanta tana iya sa tantanin ya yi haske, a karanta ba daidai ba. Ruwan da za a ɗiba kada ya gaza mililita 10, kuma ma'aikaci ne ke ɗaukar kwalbar da hannunsa zuwa ɗakin gwaji nan take, domin ƙwayoyin suna lalacewa idan aka jinkirta. Ɗiban farko kusan rabin masu cutar yake kamawa, sai an maimaita ake kai wa kusan 80 cikin 100. Wannan bai fi ƙarfin asibitin koyarwa na Gombe ko na Bauchi ba, aikin tsari ne kawai. Abin da ke ɓata shi shi ne a ɗebi ruwa ɗan kaɗan, ko a ba ɗan jinya kwalba ya hau Keke Napep da ita a tsakiyar rana.

Magani fa? Ana ba da dexamethasone don rage kumburi. Ana zuba maganin kansa mai suna methotrexate, miligiram 10 zuwa 15, cikin ruwan laka sau biyu a mako, ta baya ko ta wata 'yar jaka mai suna Ommaya da ake dasawa a ƙarƙashin fatar kai. Akwai gashi da na'urar ƙona ƙwayoyin kansa, akwai bututun da ke janye ruwa daga kai zuwa ciki. Duk da haka ba a warkewa. Idan ba a yi magani ba, mako 4 zuwa 6 aka saba gani. Da magani, 'yan watanni. Rai na Allah ne, amma likitocin nan ba sa ɓoye wa iyali wannan lissafi. Kuma kyautar asibitin gwamnati ta mazauna ƙasar ce. Baƙon da ya zo jinya ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin.

Inda suka yi mana nisa a wannan mataki shi ne kashe raɗaɗi. Akwai mofin na sha, in haɗiya ta gagara sai a sa ƙaramar na'ura mai batir, ta riƙa tura magani ta ƙarƙashin fata awa 24, nas tana zuwa gida kullum ta sabunta. Mu kuma mun fi su 'yan jinya: a nan tsoho kan kwana shi kaɗai, a gida kuwa ba a rasa mai juya shi da mai ba shi kunu. Ku roƙi likita mofin ba tare da jin nauyi ba, ku haɗa da maganin sassauta bayan gida, don mofin yana ɗaure ciki.

Abin da ya fi ci min rai tun can baya yake, wurin gano kansar da wuri. A Ingila wanda abinci ke maƙale masa, ko ɗan shekara 55 zuwa sama da ke ramewa ga ciwon ciki, da gaggawa ake tura shi a zura masa na'urar leƙa tumbi, burinsu a san matsayinsa cikin kwana 28. Koriya ta Kudu ma daga shekara 40 take duba mutanenta duk shekara biyu. Mu kuwa sai a ce ulsa ce, a yi ta sayen omeprazole a kemis shekara da shekaru. Mai gyambon ciki ya nemi gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon, ta bayan gida, bayan ya dakatar da omeprazole mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta mako 4, in ba haka ba sakamakon zai iya nuna babu alhali akwai. Baƙin bayan gida, saurin ƙoshi da rama kuwa, na'urar leƙa tumbi za a nema a makon.