Sharhi: Yini Guda a Gidan Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu na New Orleans

Duk wanda hanya ta kai shi birnin New Orleans na jihar Louisiana a Amurka, shawarata ya ware yini guda cur don gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ke titin Magazine. Na yanki tikiti na shiga, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. An buɗe gidan ranar 6 ga Yuni, 2000. Abin da ya sa aka kafa shi a wannan birni shi ne a nan kamfanin Andrew Higgins ya ƙera ƙananan jiragen ruwan nan masu buɗe baki ta gaba, waɗanda suka sauke sojoji a gaɓar Normandy ta Faransa a 1944.

Tun daga shiga ake miƙa maka wani kati a matsayin lambar da soja ke ratayawa a wuya. Sai ka zauna cikin taragon jirgin ƙasa irin na wancan zamani, a haɗa katinka da labarin wani mutum na gaske da ya ga yaƙin. Duk sashen da ka isa, ka kara katin a na'ura, ka ji inda ƙaddara ta kai shi. Dabarar ta yi mini, domin in an ce Amurkawa miliyan 16 suka sa kaki, sama da dubu 400 ba su dawo ba, kai ba ya ɗauka. Mutum guda kuwa kana iya bin sawunsa da zuciyarka.

Yawancin baƙi suna ɗokin ganin jiragen yaƙin da aka rataye a sama. Ni sashen zaman gida, wato rayuwar jama'a a cikin Amurka lokacin yaƙin, shi ya riƙe ni, kuma shi nake ganin ya fi komai daraja a wurin. A nan za ka gane cewa Amurkawa ba da gudu suka shiga yaƙin ba. Bayan ya ɓarke a Turai a 1939, kan ƙasar a rabe yake. Fitattun mutane irin su matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh suna yawo gari-gari suna cewa a bar Turawa da rigimarsu. Shugaba Franklin Roosevelt kuwa yana tafiya sannu-sannu: dokar ɗibar matasa aikin soja a Satumban 1940, sannan dokar ba Ingila aron makamai a Maris ɗin 1941. Harin Japan a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, wanda ya ci rayuka fiye da 2,400, shi ya kashe gardamar. Washegari majalisa ta amince da shiga yaƙi, mutum ɗaya tak ta ƙi, Jeannette Rankin.

An gina gida sukutum irin na iyalin Amurka na lokacin, da falo da rediyo da ɗakin girki. Na daɗe a tsaye a ɗakin girkin nan. Sukari da kofi da nama duk an ƙayyade su, ba ka saye sai da ɗan littafin rabo da gwamnati ta bayar, ana yagar kan sarki ɗaya bayan ɗaya. Fetur da tayar mota ma haka. Uwargida tana tara kitsen da ya rage a tukunya ta kai wa mahauci, don ana amfani da shi wajen haɗa abubuwan fashewa na yaƙi. A farkon 1942 aka daina ƙera motocin farar hula gaba ɗaya, masana'antun suka koma yin tankoki da jirage, mata suka cika su. A tagogin gidaje ana rataya ƙaramar tuta: tauraro shuɗi na nufin ɗan gidan yana fagen daga, tauraro mai ruwan zinariya na nufin ya rasu a can. Da na karanta wannan sai da jikina ya yi sanyi, don tunanin uwar da za ta sauya tauraron da hannunta.

Abin da ya ƙara wa gidan ƙima a idona shi ne bai ɓoye abin kunyar ƙasarsa ba. A Fabrairun 1942 Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe 'yan asalin Japan kusan dubu 120 aka tsare su a sansanoni, alhali kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffu. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi aikin soja, amma a rundunonin da aka ware musu dabam. Shi ya sa jaridarsu ta Pittsburgh Courier ta fito da kiran neman nasara biyu, ɗaya a kan abokan gaba a waje, ɗaya a kan wariya a gida. Wannan sashe ya kamata a karanta shi a tsanake.

Sassan fagen fama biyu ne, hanyar Berlin da hanyar Tokyo. An yi musu ado sosai, daga hamadar Arewacin Afirka zuwa dajin Guadalcanal da ƙanƙarar Ardennes, amma na wuce su da ɗan sauri. Inda na ja birki shi ne wajen labarin ƙasar Bama (Myanmar a yau), don can ne kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japan ƙarƙashin tutar Ingila. Jiragen Amurka ma sun riƙa yada zango a Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Khartoum da gabas. Manufar gidan dai ba da labarin Amurkawa ce, saboda haka Bahaushe ya je da nasa tarihin a ka, zai fi jin daɗin haɗa zaren.

Gine-ginen suna da yawa, tafiyar ƙafa ce sosai, don haka a sa takalmi marar takura, a kuma je da sassafe. Mai zuwa da ƙananan yara ya sani akwai hotunan gawarwaki da ƙarar harbe-harbe a sassan fagen fama. Ya fara da su daga gidan iyalin nan da jiragen da ke rataye, sauran ya bari sai sun ƙara wayo.