Nambu Type 14 ko Type 94: wacce ta girmi wacce, wacce ta fi daraja?

Malam, ka ce a wani gwanjon kayan tarihi can Amurka ka ga ƙananan bindigogin sojan Japan guda biyu. Type 14 an buga mata 15.11 a jiki, mai ita ya ce ta 1926 ce. Type 94 kuma an buga mata 19.11. Kana son sanin shekarunsu da wacce ta cancanci kuɗinka.

Sunayen ma kansu ba lissafi ɗaya suka bi ba. Type 14 ta samo sunanta daga shekara ta 14 ta mulkin Sarki Taisho, wato 1925. Ita kuwa 94 daga shekarar 2594 ta lissafin daular Japan ne, wato 1934. Duka biyun ƙirar Kijiro Nambu ce, harsashinsu ɗaya, mai milimita 8, sai dai Type 14 tana ɗaukar 8, ƙanwarta 6.

Lambar da ke gefen dama ita ce shekara da wata, a lissafin Showa, zamanin Sarki Hirohito. Ka ƙara 1925 a kan lambar farko. Ke nan 19.11 ta zama Nuwamban 1944, babu gardama a nan.

Rigimar tana kan 15.11. Gaskiya ne an ƙera 'yan kaɗan a ƙarshen 1926, shekara ta 15 ta Taisho, kuma masu tara kaya suna rububinsu. Amma Showa ma tana da shekara ta 15, wato 1940, lokacin da ake ƙera su da dubbai. Abin da zai raba gardama shi ne zoben da ya kewaye kunama. Na farko ƙarami ne, zagayayye. A 1939 aka faɗaɗa shi ya yi tumbi gaba, saboda sojojin da ke sanyin Mancuriya, a arewa maso gabashin China, yatsa ba ya shiga idan sun sa safar hannu. A hoton da ka turo zoben babba ne. To ta 1940 ce, kuma mai ita ko bai sani ba, ko ya sani yana neman wanda bai sani ba.

Batun daraja kuwa, kada tsufa ya ruɗe ka. An ƙera Type 14 fiye da 250,000, Type 94 kuma wajen 71,000 daga 1935 zuwa 1945. A lissafi sai ka ce 94 ta fi wuyar samu, to amma kasuwa ba lissafi kawai take bi ba. Type 14 tana da kyan gani, har wasu kan ɗauka Luga ce, ƙaramar bindigar Jamus, ko da yake cikinsu ba ɗaya ba ne. Type 94 mummuna ce, kowa ya yarda, kuma tana da wani dogon ƙarfe a fili a gefen hagu wanda idan an danna shi tana iya tashi ba a taɓa kunama ba. Wannan aibin ne ma ya sa ta yi suna. Irin ta 1944 aikin gaggawa ne: za ka ga sawun injin a jikin ƙarfen ba a goge ba, na ƙarshe-ƙarshe ma katako aka yanka aka yi musu mariƙi maimakon baƙar roba mai tauri. Kada ka ɗauka lalacewa ce, haka ta fito daga masana'anta. Wanda ya goge ta ya sake mata launi, ya zubar da rabin abin da ake saye.

Abin da ke ɗaga farashi a duka biyun shi ne lambobi su dace. Zare gidan harsashi ka duba: akwai lambobi uku da ya kamata su yi daidai da ukun ƙarshe na lambar bindigar. Yawancin waɗanda sojojin Amurka suka kai gida bayan 1945 an cakuɗa musu, shi ya sa mai nata na asali take tsada. Idan akwai kuben fatarta, da gidan harsashi na biyu, da takardar izinin da rundunar soja ta ba wanda ya kawo ta, farashi ya sake hawa. A Type 14 ka duba allurar da ke dukan harsashi. Saurin karyewa take yi, har kuben yana da ɗan aljihu na ajiye ta biyu.

Da ni ne, idan lambobin Type 14 ɗin sun dace, ita zan ɗauka, amma a farashin ta 1940. Idan ba su dace ba kuma na 94 sun dace ba a taɓa jikinta ba, 94 ɗin ta fi.

Ka kuma sani cewa a Najeriya dokar makamai ba ta duba tsufan fistol. Bindiga ce, kuma mallakarta sai da lasisi mai wuyar samu. Kakanninmu 'yan Boma na runduna ta 81 da ta 82 sun yi karo da masu riƙe da irin waɗannan a dazukan Arakan na ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma wannan tarihin ba zai wuce da kai kwastan ba. In ka saya, ta zauna can inda doka ta yarda.